Ko Ka Ji Na Kira, Kada Ka Zo

Zuwa ga ɗan Iya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya a inda kake, ko in ce a zamanin da kake, tunda an ce mini ba nisan hanya ne ya raba mu ba, shekaru ne. Ni har yau ban gane ba. Abin da idona ya gani dai ya gani.

Ladidi mai ɗinki ce ke danna mini wannan a wayarta, abin da na faɗa shi take sawa. Matar nan da kuka tafi tare ta ce duk abin da aka sa a waya ba ya ruɓewa, wai a zamaninsu tono shi suke kamar masu haƙar rijiya. To ka tono wannan. Sauran masu karantawa in sun ga dama su ce tsohuwa ta zautu. Ba da su nake ba, da kai nake, kuma magana ɗaya ce: kada ka dawo Panshekara. Zan faɗa maka dalili daga farko, don na san taurin kanka, irin na ubanka ne, Allah ya jiƙansa.

Ka tuna ranar da suka zo rumfata ta ɗanwake a bakin kamfanin fata na Challawa, masu aikin safe na fita, na rana na shiga. Mace da wani tsoho, kayan jikinsu kamar an ɗinka da buhun siminti. Hausa suke yi, amma kamar ta mai tsakuwa a baki. Na zuba musu. Tsohon ya ga wake a ƙwarya, ya ɗauki ƙwaya ɗaya ya riƙe, sai hawaye. Na ce in yaji ne ga ruwa, in wani abu ne ya matsa gefe, yana kore mini masu saye.

Matar ta ce sunanta Zulai. Ta ce su jikokin jikokin jikokinmu ne, daga gaba suka zo. Wasu halittu sun sauko daga bayan taurari sun ci duniya da yaƙi, su suna ce musu Masu Girbi. Sun kwashe duk wani iri da ake shukawa, sai abin da suka watsa wa mutane ake ci, kamar kaji a akurki. Iri suka zo nema, kuma Masu Girbi na biye da su. Ban ce na yarda ba, ban ce ban yarda ba. Na ga dai mutum ba ya iya ƙaryar irin kallon da tsohon nan ya yi wa wake. Na kai su gida na sauke musu zangarniyar gero da dawa, irin da ubanka ya bari wanda nake juyawa duk damina, na haɗa da waken.

Motarsu, ko jirgi ne oho, tana cikin tsohuwar masaƙar nan da aka rufe a Sharaɗa. Wai wuta take sha da yawa, sun karanta a tsofaffin rubutu cewa a nan kamfanoni suke, akwai wuta. Na ce wanda ya rubuta bai taɓa kwana a Kano ba. Shi ya sa na aika aka kira ka daga wajen aiki, tunda kai ne mai haɗa wayar wuta. Ni na aika. Ba na nadama, amma ni na aika.

Kana cikin tayar da tsohon janaretan masaƙar, bayan la'asar, tsuntsayen da ke cikin rufin suka yi tsit lokaci guda. Ruwan kwatar da ke wucewa ta bayan katanga ya tsaya cak, ga gangara amma ba ya tafiya. Tsohon ya ce, "Sun iso." Kai ka ce wayar ba za ta zauna ba sai da mai riƙe ta daga ciki. Ba ka tambayi kowa ba, ka shiga.

A nan Zulai ta kama hannuna ta sa mini awarwaron nan, ya rufe ya zama ba baki ba gindi. Ta ce, "Baba, duk ranar da kike buƙatarsa, ki kira sunansa kusa da wannan. Muryarki kaɗai yake ji, sunansa kaɗai yake ɗauka. Zai ji ko a wane zamani yake, ƙofa za ta buɗe a inda kike." Kai ka sunkuyar da kai, ni na kalli bango. Ashe a zamaninsu an manta ba a faɗin sunan ɗan fari. Tun ranar da aka raɗa maka suna bakina bai taɓa shi ba. Kakarka Iya ta ɗauke ka tun yaye, ka tashi kana ce mini Yaya kamar yadda ka ji ƙannena na faɗa. Ko gaisuwa daga bayan ƙofa kake yi. Haka aka yi mu, kuma ban ga abin da ya rage mu da shi ba.

Da ƙofar za ta rufe, ba ni ka kalla ba, ƙarfen hannuna ka kalla, ka ce, "A gaya wa mutanen gida, in na ji kira zan zo, ko ina ne." Na ji. Wannan alkawarin ne ya hana ni sukuni yanzu.

Bayan tafiyarku da 'yan kwanaki, da hantsi, ina tankaɗe garin rogo a tsakar gida, sai na ji sallama. Muryarka ce. Sai dai sallamar ta cika tsaf, kamar ta mai karanta labarai a rediyo. Na ɗaga kai, ga ka. Tsayinka, tafiyarka, har tabon ƙunar da wuta ta yi maka a babban yatsa. Masu Girbi ba su manta komai ba.

Sai ya zo ya zauna a kan tabarmata, gwiwarsa na taɓa tawa. Ya kalle ni ido cikin ido. Ya riƙe hannuna ya ce, "Umma, na yi kewarki."

Umma! Ni? Ɗan Iya, da a ce kura ce ta shigo da wando da hula, da ta fi shi kama da kai. Hannun da ya riƙe ni da shi ba sanyi ba ɗumi, kamar ka taɓa fatar da aka jeme. Na zare hannuna na ci gaba da tankaɗe.

Ya ce abokan tafiyarsa sun maƙale a hanya, sai na kira sunansa a awarwaron ƙofa za ta buɗe su fito. Na ce to, bari in gama aiki. Na tashi kamar zan ɗebo ruwa, na leƙa ɗakin matarka na ce ta goya ƙaramin ta ja manyan ta fita ta ƙofar baya, kada ta ɗauki ko tsinke. Suna lafiya. Suna inda kake tsammani, ba zan faɗa a nan ba.

Da na dawo ya sake cewa in kira. Na ce, "Kai, wanda ya aiko ka bai gama koya maka ba. Tashi mini daga tabarma." Bai yi fushi ba. Da ya yi fushi da na fi samun natsuwa. Fuskar ce kawai ta tsaya, kamar an ɗauke wuta ana tsakiyar kallo, ido a buɗe ba ƙiftawa. Ya tashi ya koma zaure ya zauna.

Washegari da siffar ubanka ya shigo. Har da tarin nan nasa. Ya ce, "Ke, ina umartarki ki kira yaron nan." Na ce Malam na kabari, ina gani aka fita da shi, kuma shi da ransa bai taɓa sa ni abin kunya ba. Na watsa masa ruwan kanwa. Ruwan bai jiƙa shi ba, gangarewa ya yi kamar a kan leda. Wannan kam ta yi mini ciwo, don sai da na zauna a bayan ɗaki na daɗe. Tun daga nan ya koma siffarka, ya ga ita ta fi cina.

Kada ka ce ban yi ƙoƙarin rabuwa da awarwaron ba. Na sa sabulu, na sa man gyaɗa. Na je wajen masu walda a Bompai, yaron ya sa injin yankan ƙarfe, faifan ya tarwatse ya kusa cire masa ido, abin ko ƙwarzane bai yi ba. Na tambayi wani mahauci ko zai iya cire hannun daga wuyansa, ya ce, "Hajiya, a'uzubillahi, je ki gida." Da na dawo, na zauren ya ce ko an yanke hannun, muddin awarwaron na jin muryata aiki zai yi, kuma shi zai ɗauko shi ya ajiye mini a gefen filo. Duk inda na je yana biye, ba ya hana ni, ba ya taɓa ni. Maƙwabta na gaishe shi, suna ce masa an dawo lafiya. Limamin unguwa har ya ce mini yaron nan ya yi sanyi tun da ya dawo. Na ce ai kuwa.

Ba shi kaɗai ba ne. In ka bi titin Challawa da rana za ka ga wasu a tsaye a gindin turakun wuta, da rigar leburori, ba sa shiga aiki, ba sa sayen abinci, ƙuda ba ya sauka a kansu. Ni da na yi shekaru ina ciyar da masu aikin nan na san wanda ke jin yunwa. Waɗannan ba sa ji. Jira suke ƙofa ta buɗe.

Yanzu ga abin da ya sa na kira Ladidi. Zazzaɓi ya fara kama ni, irin mai tafiya da hankali. Shekaranjiya da azahar na farka na tarar da shi tsugune a bakin ƙofar ɗakina, ya kawo kunne. Ladidi ta ce sambatu na yi ta yi, na kira Iya, na kira Malam, na kira akuyar da ta mutu tun bara. Kai ne ban kira ba. Ya ce mini, da muryarka, "Ba na sauri, Umma. Mun daɗe muna kallonku. In tsohuwa za ta mutu, abin da ta fi ɓoyewa shi ke fara fita."

Ina tsoron gaskiya ya faɗa. Sunan nan yana nan. Ban taɓa faɗa ba, amma ba a yi ranar da ban juya shi a ciki ba. Ranar da ka fara tafiya a tsakar gidan Iya, ina daka, na yi kamar ban gani ba, a ciki na kira ka. Ranar da wuta ta ja ka a kamfani aka kawo ka a kwance, mata na kuka, ni ina wanke-wanke, a ciki na yi ta kiranka har ka buɗe ido. Ya cika mini baki, ɗan Iya. Da hankalina ba zai fita ba ko za a yanka ni. In hankalin ya tafi, ban san wa zai tsare ƙofar ba. Na ce Ladidi in ta ga na fara ta cusa mini tsumma, amma ita ma tana da gidanta da 'ya'yanta, ba za ta tare a kaina ba.

Yana ji muna rubuta wannan. Na ɗauka zai hana, sai ya ce mu rubuta, wai in ka ji ba ni da lafiya da gudu za ka zo, ko ban kira ba za ka nemi hanya. Wai ya san ɗan Adam. To ka ƙaryata shi.

Ka saurara da kyau. Tun da kake, ka taɓa jin na kira sunanka? To duk ranar da ka ji shi da muryata, ka sani ba ni ba ce, zazzaɓi ne, ko kuma mutuwa ce ke magana. Kada ka buɗe. Ko ka ji ina kuka, ko ka ji ina roƙo, ko na kira har muryar ta dushe, ka toshe kunne ka riƙe wayarka. Alkawarin da ka yi a bakin ƙofa na sauke maka shi. Ba kai kaɗai za su kama ba, da Zulai da tsohon da duk yaran da ke jiran abin da kuka ɗauka. Ni an gama da ni, na ci nawa tuwon. Wanka da sutura akwai masu yi, unguwa ba ta mutu ba. In ka taka Panshekara saboda ni, ban yafe maka nonon da ka sha ba. In ka zauna inda kake, na yafe maka komai, duniya da lahira, dama ba ka taɓa yi mini komai ba.

In kuma ya zama ka ji ɗin, to ka ji. Ka saurara sau ɗaya, ka san yadda yake a bakina, tunda ba ka taɓa sani ba. Sannan ka juya ka ci gaba da aikinka.

Allah ya tsare ka gaba da baya. Allah ya makantar da masu binka, ya ɓatar musu da sawunka. Allah ya riƙe mini harshena har a rufe ni. Allah ya yi maka albarka, ya yi maka albarka, ya yi maka albarka.

Wassalam.

Ni ce,
wadda ta haife ka.