Baba, Kada Ka Hau Titi da Tayar Nan

Baba, na tafi makaranta, ban so in tashe ka ba.

Jiya Kawu Zakari ya zo cire maka tayar bayan mota don a kai faci. Notikan suka ƙi juyawa, sai ya gasa su da wutar gas ɗin da yake babbakar ƙafar saniya da ita. Na ga robar gefe ta yamutse tana ƙauri, amma na ji nauyin yi masa magana. Ka yi haƙuri. Ita aka mayar.

Na karanta cewa irin wannan a kan gudu take fashewa. Don Allah ka sa tayar safaya kafin ka loda fatun unguwar Abule Egba.

Na saba cin tuwo ni kaɗai, Baba, amma da sanin za ka dawo nake ci.

Bushra