Na Hana Ɗiyata Share Kwamfuta, Ga Aikinta Yana Rawa

Malam Idris, don Allah ka agaza mini, bakina ya jawo mini abin da ya fi ƙarfin hulata.

Ni manomi ne a 'Yandoto. Bokona ya tsaya a aji huɗu, shi ma malamin ne ya gaji da ni. Amma Allah ya ba ni ɗiya mai kai, Hajara. Da aka ba mu sabuwar jiha, sai ta koyi kwamfuta, wani kamfanin auduga a Gusau ya ɗauke ta. Ita ke riƙe da na'urar da aka zuba sunayen manoman Tsafe da Bungudu, wane ya karɓi iri, wane ya kawo awo. Yayyena sun ce na haukace da na bar ta. Ni kuwa har kasuwar Tsafe nake cika baki, ina cewa ɗiyata ce direbar talabijin mai lissafi.

Watan jiya ta zo gida ranta a ɓace. Wai na'urar tana da wani fili na wucin gadi inda take baje aiki in za ta jera sunaye. Wai filin ya kumbura ya cinye wuri, yanzu da an nemi rahoto sai ta toge kamar jakin da ya ga gada. Ta ce za ta share shi ta buɗe sabo.

Malam, da na ji "share" sai na ce ba za a yi ba. A gidanmu ko ƙaiƙayi ba a zubarwa. Kuma duk gari an san sunayensu suna hannun ɗiyata. In sunan maƙwabcina Mamman ya ɓace, ba Gusau zai nufa ba, zaurena zai zo da gorarsa. Sai na miƙe a gaban uwarta na ce in ta goge ko ɗigo ɗaya ban yafe ba. Ni da ko da tsinke ban taɓa zungurar kwamfuta ba!

Yarinyar nan ta riƙe maganar. Ta ƙi sharewa, ta kuma ƙi gaya wa manajan kamfanin dalili don kada a yi wa ubanta dariya. Shi kuwa ya ce in rahoton rabon iri bai fito kafin ruwan shuka ba, zai ɗauko wani daga Kaduna. Injiniyan da ya kafa na'urar ya koma Legas. Uwarta ta daina dariyar barkwancina, tuwo ma dangwarar mini ake yi. Ga hadari ya fara leƙowa ta gabas. In na janye, sunaye suka ɓace fa? In na kafe, aikinta ya tafi fa?

Naka, Mai Aji Huɗu, 'Yandoto.

*

Mai Aji Huɗu, tsoronka ba wauta ba ne. Amanar mutane ce, kuma akan yi gogewar da ba ta dawowa. Sai dai na tambayi masu wannan aiki, sun ce Hajara ce da gaskiya.

Na'urar tana da rumbu, tana da masussuka. Sunaye suna rumbu. Filin nan masussuka ce: a ɗebo, a baje, a sheƙe, a gama. In aikin ya yi yawa, ko wuta ta ɗauke ana tsakiyarsa, sai tarkace ya taru. Kai da kanka ba ka barin ƙaiƙayin bara a masussuka, in ba haka ba ina za a zube damin bana?

Amma a yi shi da tsari. Ta fara kwafe sunayen kaf a wani faifai, ta gwada kwafin ta ga yana buɗuwa. Ta buga wa injiniyan waya ya tabbatar mata wane ne filin wucin gadi, kada hannu ya kauce zuwa rumbu. Manaja ya sa hannu ya amince. Sannan, lokacin da babu mai aiki da na'urar, ta buɗe sabon filin kafin ta cire tsohon, ta kuma yanka wa sabon iyaka. Nan gaba ta riƙa fitar da rahoton Tsafe daban, na Bungudu daban, ta kuma riƙa leƙa filin kafin ya cika.

Wannan duk mai sauƙi ne. Babban aikin naka ne. Yarinyar da ta yarda ta rasa aiki don kada a yi maka dariya ba a aika mata saƙo ta bakin direba. Ka hau motar Gusau gobe, kai da uwarta, tunda a gabanta ka ɗaure yarinyar da bakinka. Ka ce ka janye, ka yafe, ka sa mata albarka, ba da wasa ba. Barkwancin ka ajiye shi sai rahoto ya fito.

Allah ya tsare mata aikinta, ya ba ku damina mai albarka, ya sa a koma miƙo maka tuwo da hannu biyu.

Malam Idris