A Aiko Mana Da Geron Damagaram

Yaya Sani,

Gaisuwa mai yawa. Ina fatan kana lafiya, kai da iyali. Yaya zafin Damagaram?

Mu nan Kiru ruwa ya yaudare mu. Sau ɗaya ya sauka, muka shuka, sai ya ɗauke. Dawa ta ƙone, iri ya ƙare. Duk iya lallashin da bakin nan nawa ya yi, na zaga kasuwa ban samo ko tiya ɗaya ba.

Fatake sun ce geronku gajere ne, yana jure ƙishi, yana nuna da ɗan ruwa kaɗan. Don Allah ka ba su ko ƙunshi ɗaya su kawo mana kafin ruwa ya dawo.

A taya mu da addu'a. Inna tana gaishe ka. Ta daina cin abinci don damuwa, shi ya sa na ce mata irin yana hanya. Kada ka ƙaryata ni.

Ƙaninka,
Garba