A Madadin Nelson

Leeds, Ingila

Ƙanena Nelson,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Ya Mama da ciwon ƙafa? Ya matarka Vicky da nauyin jiki? Ka gaishe min da mutanen Romi, har da waɗanda ba su tambaye ni ba.

Na zaɓi rubutu ne domin a waya kai ka fara huci, ni in fara faɗa, a tashi ba a ce komai ba. Bikin Istan nan ba zan zo ba. Bizar aikina ta kusa ƙarewa, na nemi a sabunta, sai abin ya tsaya. An tambaye ni ko an taɓa kama ni a wata ƙasa, na ce e. Ka san ni da ƙarya ba ma shiri.

Na yi wa matar ofishin bayani tiryan-tiryan: ranar da inji ya cinye hannun wani ma'aikaci a kamfanin roba na Kudenda, abokan aikinsa sun yi bore, aka fasa gilashin motar manaja, aka sa sunan ƙanena a cikin waɗanda ake nema. 'Yan sanda suka zo gida ba su same shi ba, suka tafi da ni don ya fito. Ta zuba min ido kamar ina yi mata tatsuniya. Wai ta yaya za a kama mutum a madadin wani? 

Yanzu suna son takarda daga 'yan sanda mai nuna yadda maganar ta ƙare. In babu, aikin ya tafi. Ka roƙi Malam Zakariyya'u ya leƙa caji ofis ɗin, tunda shi ya yi belina. Kai kuwa ko ta layin kada ka bi.

Yaro nake so in kira ka, sai na tuna yanzu har gemu gare ka.

Yayarka,
Damaris

Romi, Kaduna

Yaya Damaris,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Mama tana samun sauƙi, har ta je zumuntar mata da ƙafarta. Vicky kuma ta mai da ni ɗan aike, yau agwaluma, gobe gasasshiyar masara.

Malam Zakariyya'u ya taso daga Makera tun da safe, ya rufe shagon ɗinkinsa saboda ke. Ya ce in gaya miki Baba ya riƙe masa amana a masaƙa, shi ma ba zai ƙi 'yar Baba ba. An nemo fayil ɗin. Sun ce a buɗe yake, domin wanda ake nema bai taɓa bayyana ba. Ba za su rubuta an sallame ki ba sai an rufe shi, kuma ba zai rufu ba sai da ni.

Yaya, tun da na dawo garin nan nake zagaye caji ofis ɗin. In aka kira ni gyaran janareta a Mahuta, sai in bi doguwar hanya in ce wa ɗan acaba gajeriyar akwai ramuka. Har Vicky ta haddace ƙaryar. Na gaji da ƙaryar nan.

Ke kika sa ni a motar Kagoro da hannunki. Ina can gidan kawu ana zuba min faten acca, ke kina kan siminti. Ba ki taɓa yi min gori ba, kuma da kin yi, wataƙila da abin ya fi min sauƙi.

Na ga lauya. Ya ce kamfanin ya daɗe da canja hannu, mai yiwuwa a yi min tambayoyi a sake ni, mai yiwuwa kuma a kai ni kotu. Ban jefi motar kowa ba, kin sani. Zan je.

Ki huta lafiya.

Ƙanenki,
Nelson

Leeds, Ingila

Nelson,

Gaisuwata gajeriya ce yau, raina a ɓace yake.

Ban kwanta a simintin nan don kai ma wata rana ka je ka kwanta a kai ba. Safe da yamma suna fito da ni bayan kanta suna tambaya, "Ina yake?" Ni kuma in ce ban sani ba. Akwai wata ƙusa a jikin bango kusa da taga, a nan nake rataye ɗankwalina, ita nake kallo in ina faɗa, don kada idona ya tona ni. Ba jarumta ba ce. Ni na goya ka, bayana ya san nauyinka, shi ke nan.

Lauya ya ce mai yiwuwa. Da mai yiwuwa za ka bar mace da tsohon ciki? In aka ce a kira uban yaro, wa zai amsa?

Aikin nan ina son sa, ba zan ɓoye maka ba. Akwai wata tsohuwa a gidan tsofaffin da nake kula da su, ba ta cin abinci sai ni na riƙe cokali. Zan yi kuka in na bar ta. Amma kowa ya bar gida, gida ya bar shi, ni kuwa nawa yana nan. In sun ƙi, in tattara in dawo, in kafa tebur a kasuwar Romi. Na sayar da tumatir a da, hannuna bai manta ba.

Tun shekaranjiya wayarka a kashe. Na kira Vicky, ta ce ba ta san inda kake ba. Ka kira ni. Wannan umarni ne, ba roƙo ba.

Allah ya tsare min kai.

Damaris

Romi, Kaduna

Yaya,

Ina gaisuwa da ladabi. Vicky ce.

Ga hoton takardar nan haɗe da wannan, da hatimi da sa hannu. Tunda wanda suke nema ya bayyana, sun rubuta cewa ba ki da laifi, ba a taɓa tuhumarki ba. Malam Zakariyya'u zai aiko da ainihinta.

Nelson ya je caji ofis ɗin da ƙafarsa, sanye da rigar coci. Sun riƙe shi, sun ce sai an shiga kotu. Lauya yana kai da kawowa. Mama ta kai masa abinci a kular da ta kai miki, ta ce ita dai ta san hanya. Ya ce in gaya miki ƙusar tana nan, ya rataye hularsa.

Yaron yana motsi sosai, muna lafiya.

Da kika kira kina tambayar inda yake, na ce ban sani ba. Ki yafe ni, Yaya. Na sani, ni na goge masa rigar. A wurinki na koya.

Ƙanwarki,
Vicky