Na Bari Bindigata Ta Ɗauki Laifina

Mukoma, yayana, don Allah ka taimake ni kafin a buɗe farautar bana, kaina ya kulle.

Shekara ashirin da biyu ina raka baƙi farautar ɓauna a kwarin Zambezi da bindigata .375, ba ta taɓa kunyata ni ba. Bara wani baƙo ya harbi bijimin ɓauna a tumbi, ya shige sarƙaƙiya da rauni. Muka bi jini, Sekuru Chakanyuka, dattijon da ke bin mana sawu, yana gaba ina baya. Bijimin ya fito mana daga taku goma. Na sakar masa biyu a gaba, ko gezau. Kafin na uku ya kwantar da shi, ya riga ya ragargaza wa Sekuru ƙugu.

Mai kamfaninmu, wanda ɓaunar da ya sani ita ce ta jikin bangon ofishinsa a Harare, ya yanke hukunci wai bindigar ce ta yi ƙarama. Ya ɗora min babbar bindiga .458. Kowa ya gyaɗa kai, har da masu cin tuwon sadza a tukunyata.

Ga abin da ban faɗa wa kowa ba. Ka san ƙa'idarmu: harsashi mai laushin kai a dama ta ɗamara, mai tauri mai ratsa ƙashi a hagu, in za a bi mai rauni a sake ɗuri da na hagu. Ranar na ɗaura ɗamarar a juye, ban duba ba. Masu laushi na zuba, suka baje a tushen ƙaho. Na ji ana zagin bindigata, na yi gum.

Ita kuwa .458 ɗin, shurin jaki gare ta. Ta tsufar min da kafaɗa, yanzu ina runtse ido kafin in ja kunama, na kama kaina sau uku. Sekuru ya dawo da ɗingishi, yana tsokanata wai yanzu hankalinsa kwance tunda an ba ni igwa. Duk lokacin da ya faɗa sai in ji na tsani kaina, na tsani mai kamfanin, har shi Sekuru ina jin haushinsa don ya yarda da ni. In na nemi tsohuwar bindigata, sai na faɗi dalili. In na yi shiru, da rufaffen ido zan tsare bayansa. Yaya zan yi?

Mai Ciwon Kafaɗa, Zambezi

Ƙanena, mai kamfaninku bai yi shirme gaba ɗaya ba. A taku goma, nauyin harsashin .458 yana girgiza bijimi fiye da na .375, kuma ko bai sami ƙwaƙwalwa ba yana iya ba ka daƙiƙa ɗaya. Amma sai ya tafi inda aka aike shi. Wanda ke runtse ido ƙasa yake harbi, ita kuwa .375 da mai taurin kai, a hannun da ya saba da ita, tana ratsa ƙoƙon kan ɓauna.

Ka gwada, kada ka yi ta saƙe-saƙe. Wani ya yi maka ɗuri a ɓoye, ya cakuɗa da harsashin banza marar albarushi. In bakin bindigar ya dunguri ƙasa a kan na banzan, ka ajiye ta. In kafaɗar ce kawai, a ƙara wa bindigar nauyi, ko ka duba .416 da ke tsakaninsu. Masu taurin kuma ka shafa musu jan fenti a gindi.

Haushin da kake rabawa kuwa, ka san na waye. Kuskuren ɗamara kowa na iya yi, shirun shekara guda kai ka zaɓa. Ka fara zuwa wurin Sekuru kafin ofis, ka faɗa masa duka, har da runtse idon. Mai yiwuwa ya ce ba zai ƙara shiga gabanka ba. In ya faɗi haka kada ka roƙe shi, ƙugu ɗaya ya rage masa. Allah ya ba shi lafiya, kai kuma ya ba ka ƙarfin buɗe baki.