Kukan da Na Ara a Wurin Mama

Zuwa ga mahaifiyata, Mama Hannatu,

Gaisuwa mai yawa da ladabi a cikin sunan Ubangijinmu Yesu. Bisa al'ada a nan ya kamata in tambayi lafiyarki, amma an ce inda kike yanzu babu ciwon gwiwa, babu hawan jini, don haka na tsallake wannan. Ni ce Rifkatu, autarki, daga Kuala Lumpur. Ina nan lafiya. Ina cin abinci, ina barci, ina zuwa aiki. Duk wanda kika tambaya a garin nan haka zai gaya miki, kuma bai yi ƙarya ba.

Abu ɗaya ne ya zaunar da ni rubutun nan. An kusa shekara biyu da binne ki, har yau ban yi miki kuka ba, ni da kuka ne sana'ata. Na sa wasiƙar a shafina na intanet da Hausa, don kada abokan aikina na nan su karanta su fara yi mini kallon tausayi. 'Yan gida da za su leƙo, ku yi haƙuri, da uwata nake magana.

Tun ina ƙarama, in aka yi mutuwa a ƙauyenmu na bayan Kafanchan, ke ake fara aika wa kafin fasto. Ba kya faɗawa gidan kai tsaye. Tun daga bakin hanya kike kwance ɗankwali ki ɗaure a ƙugu, ki ɗora hannu a ka, ki fara da murya ƙasa-ƙasa, don mutanen gida su jiyo ki daga nesa su shirya. Kuma ba kya kiran mamaci da sunansa, sai da sunan wanda ya bari: wayyo mijin Talatu, wayyo uban Bitrus. Da zarar matar gidan ta fashe, sai ki yi tsit, ki share fuska da bakin zane, ki zagaya bayan gida ki kama wanke tukwane.

Na taɓa tambayarki ko da gaske kike yi, tunda wani mamacin ko gaisuwar kirki ba ta haɗa ku. Kika talle mini ƙeya, kika ce, "Wani baƙin cikin sai an buɗe masa ƙofa. Ni buɗewa kawai nake yi in koma gefe."

Karatun harkar otal kuka turo ni, ke da Yaya Yakubu, in dawo in sa kwat in riƙa gaida baƙi da Turanci. A ajinmu akwai wani Ravi, Ba'indiye haifaffen nan, mai sumar da ko ke da kin yi masa kitso. Wata Lahadi da rana, na taso daga coci ke nan, ya ja ni Sentul, tsohuwar unguwar ma'aikatan jirgin ƙasa. Ƙarƙashin wani shagon gyaran taya akwai matakala mai warin roba da giya, babu allo, babu komai. Su suna ce wa wurin Lubang, wato rami, ni ma Rami nake kiransa har gobe.

Mama, da kin ga abin da ake kira fasaha a Ramin nan, da kin tara zumuntar mata an yi mini azumi. Wani ya shafe jikinsa da garin shinkafa yana tafiyar hawainiya daga wannan bango zuwa wancan. Wata ta zauna tana yanka albasa har mutane suka gaji suka tafa mata. Masu ganga da jita kuwa, kamar an kulle awaki a cikin durom. Amma kowa ya ba abinsa muhimmanci, ba mai yi wa wani dariya, kuma ba wanda ya tambaye ni me baƙar fata take nema a nan.

Ravi ya ce, "Ke fa, me kuke yi a wurinku? Show us lah."

Kin san ban iya waƙa ba, a ƙungiyar mawaƙan coci can baya ake ɓoye ni. Rawa kuma ƙafafun Baba na gada. Sai na koma saman matakala, na kwance ɗankwalin cocina na ɗaure a ƙugu, na fara saukowa da muryarki. Don in ba su dariya na yi. Kafin in kai ƙasa, mai yankan albasar nan ta haɗa kai da gwiwa tana shessheƙa. Ashe mahaifinta bai daɗe da rasuwa ba, kuma a gidansu ba a ɗaga murya. Na yi shiru yadda kike yi, na rasa inda zan sa kaina, sai na tattara kofunan da ke kan tebur na tafi wankewa.

Shi ke nan fa, barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Muka mayar da shi wasa sosai, ni da Ravi. Kafin a fara nakan zaga cikin 'yan kallo in tambayi sunan mutum da wanda ya rasa. In an rage wuta sai in fito daga ƙofa, can bayansu, ina kira da Hausa: wayyo uwar Mei Ling, wayyo ƙanin Azman. Ba abin da suke ganewa sai sunansu, kuma ya ishe su. Ƙa'idarki ban taɓa karya ta ba. Mutum na farko yana fashewa nake tsayawa, ko da ban yi nisa ba, in fice ba tare da na jira tafi ba.

Karatun otal da ƙyar na kai shi ƙarshe. Daga Rami aka fara gayyatarmu manyan ɗakunan wasa masu kujerun katifa da sanyin da ke kama maƙogwaro. Na je Penang, na je Singapore, na je Jakarta da ɗankwali ɗaya. Masu fim ma suka gano ni. Kullum dai ko 'yar aiki ce ni ko budurwar ɗan damfara, kuma in marubucin ya rasa yadda zai ƙare labari, sai ya kashe wani a ce Rifkatu ta zo ta yi kuka. Ban raina ba. Na ji daɗin abin, Mama, na ji daɗin a kira sunana a ƙasar da ba ta san ƙauyenmu ba.

Ranar da na gaya miki sana'ar da na kama, da katin waya na kira. Na ɗauka za ki ce na kai abin mutuwa gidan giya. Kika yi dariya har tari ya sarƙe ki. Kika ce, "Wato mutane su baro gidajensu lafiya lau su zo neman kuka? Lallai sun ƙoshi." Da katin ya kusa ƙarewa kika ƙara da cewa, "In sun fara dai ki tsaya. Kada ki cinye musu nasu."

Ranar da kika rasu, ina shagon mamak, wato mai shayi da abinci, na ƙasan gidanmu a Danau Kota, wajen azahar, Yaya Yakubu ya kira. Ya yi ta zagaye-zagaye, jikin Mama ya yi tsanani, sai haƙuri, kafin ya faɗa. Na ce to. Na ce masa na gode. Na ajiye wayar na ƙarasa roti, wainar fulawarsu, da ke gabana, har na suɗe miyar. Yaron shagon ya tambaya ko in ƙara shayi, na ce ya kawo. Fasfo ɗina yana wurin sabunta biza, don haka aka binne ki ina nan. Yaya ya ɗaga mini waya a bakin kabari, ba abin da na ji sai iska da ƙarar shebur.

A gidan Maman Dauda, shugabar matan cocinmu na nan, aka yi mini zaman makoki. Bene ne mai tsawo, maƙwabta ba sa son hayaniya, don haka aka rufe ƙofa aka riƙa rera waƙoƙin ta'aziyya a hankali. Ravi da mutanen Rami suka zo da abinci a leda, suka cire takalma suka zauna a ƙasa, kowa kai sunkuye. Maman Dauda ta dafa kafaɗata ta ce, "Rifkatu, ki yi kuka mana, my dear. Kada ki riƙe shi a ciki, it's not good lah."

Na gwada, Mama. Na ja numfashi na buɗe baki, sautin kuwa ya fito daidai. Amma ina cikin yi sai na tarar na riga na juya fuskata wajen taga don haske ya same ta, kuma idona yana zaga ɗakin yana neman wanda zai fara fashewa. Wata ɗaliba da ke gefe, wadda ta taɓa zuwa kallona, ta raɗa wa ta kusa da ita, "Haka fa take yi a wasan." Ba da mugunta ta faɗa ba, kuma gaskiya ta faɗa. Na rufe bakina na tashi na shiga kicin, na riƙa miƙo wa baƙi shayi har aka watse.

Bayan sati na koma aiki. A kan dandali kukan yana zuwa a kan lokacinsa, da hawaye da majina, ba ya makara. Wani darekta ma ya ce tun da kika rasu na ƙara zurfi. Na ce masa na gode. In na sauko sai in wanke fuska, in hau LRT, jirgin ƙasan cikin gari, in sauka Kampung Baru in sayi shinkafa, in zo gida in ci a tsaye. Na saka hotonki a gaba na zauna. Na rera waƙar da kike so. Na yi ta kiran sunanki a banɗaki ina sakin ruwa. Duk abin da na fara sai in ji ina auna shi, ya yi tsawo, ya yi gajere, da an ɗan rage murya a nan. Ba na jin komai, Mama. Ba baƙin ciki, ba fushi, ko kewarki da kai nake yinta. Wannan ne yake ba ni tsoro, shi ma tsoron daga nesa nake hango shi.

Watan jiya na nemi lambar Mama Saratu a wurin Yaya, aminiyarki da ke amsa miki in kin fara. Ta tsufa, sai na yi ta ɗaga murya kafin ta gane ni. Na gaya mata zan zo gida da Kirsimeti, na roƙe ta ta yi mini abin da kike yi wa mutane.

Ta ce, "Haba 'yata, makokin da aka share tuntuni? Ai sai a ce tsufa ya taɓa mini kai."

Na ce mata haka ne, ta yi haƙuri. Har zan yi sallama ta ce, "Tsaya. Wa ya buɗe miki a can?"

Na ce babu kowa.

Sai ta ce, "Mu ma nan haka aka yi. Ranar da uwarki ta rasu, gida ya cika maƙil, amma kowa ya yi tsuru-tsuru yana kallon hanya. Sai can na gane ita muke jira ta zo ta fara."

Ta ce kada in bari mota ta kai ni ƙofar gida. In sauka a bakin titi, in bar wa yara jaka, in tako da ƙafa. Ita za ta fito daga gida ta taro ni a hanya. Ta ce, "Ke kuma ki rufe mini bakinki, kada ki taya ni. Na ji an ce kin iya. Ranar ba aikinki ba ne."

Na gaya wa Ravi ya soke wasannin ƙarshen shekara. Ya tambaye ni ko in na dawo zan iya ci gaba, don yana ganin in na yi na gaske sau ɗaya, na dandali ba zai ƙara zuwa ba. Na ce masa ban sani ba. Wataƙila in dawo ba ni da sana'a, in je in nemo kwat ɗin otal ɗin nan da kike ta yi mini fata. Ya ce, "Boleh, ba damuwa. Ki je dai." Na sayi tikiti.

Ban yi miki alkawarin komai ba, Mama. Mai yiwuwa in tsaya a tsakiyar hanya kamar kututture, tsohuwa tana ta ɓata muryarta, yara suna leƙe ta katanga. Amma a duk tsawon shekarun nan sunayen mutane nake kira, na Sinawa, na Indiyawa, na Malay, kuma ban taɓa jin an kira nawa a cikin kuka ba. Mama Saratu za ta taho tana cewa wayyo uwar Rifkatu. Ina so in ji yadda yake a kunne.

Allah ya ba ki hutu a wurinsa, ya sa a can babu gidan da za a aiko a kira ki. Allah ya ƙara wa Mama Saratu kwana da murya har in iso. Ni kuma ya tausasa abin da ya daskare a ƙirjina, ko a bakin titi ne, ko a gaban kabarinki, ko a ranar da ya ga dama. Amin.

'Yarki da ba ta fara ba tukuna,
Rifkatu
Danau Kota, Kuala Lumpur