Tsohon da Muka Sa na Goma

Yaya,

Ina gaishe ka da kyau. Ya jikin Inna, ya yaran? Ni lafiya lau, sai gwiwa da ke ɗan yi min tsami, don aikina na durƙuso ne: ni ke goge zufar 'yan ƙwallon kwando a fili. Kada ka gaya wa Inna, ita a saninta ofis nake.

Takardar gwanaye goma da muka manna a ƙofar shagonka tana nan? Har gaba muka yi, kai ka ce Dogo ne na ɗaya, ni na ce Guguwa. Yaya, duk mun yi kuskure. Tsohon da muka sa na goma kullum yana riga ni zuwa fili. Jiya na tsaya da tsumma a hannu ina ƙirgawa: jifa ɗari da bakwai, ƙwallo ba ta taɓa ƙarfen kwandon ba. Ba 'yan kallo, ba tafi, sai ƙarar raga. Da ya gama ya ga ina dafe da gwiwa, ya raba ƙanƙarar da yake ɗorawa a tasa gwiwar biyu ya miƙo min rabi.

Don Allah ka ɗauki biro ka mai da shi sama. In Dogo ya ji haushi, ya yi sammako ya zo ya gwada.

Allah ya bar zumunci.

Ƙaninka